Lugga da Isɗilahi a Darussan Fasaha da Zamantakewa

Darussan da ke nazarin ɗan Adam da zamansa da jama'a sun rabu gida biyu a makarantun boko. Gida na farko shi ne na fasaha, inda ake samun tarihi da adabi da harsuna da falsafa da nazarin addini. Waɗannan suna duba abin da mutum ya faɗa ko ya rubuta ko ya gina ko ya yi imani da shi, suna neman ma'anarsa. Gida na biyu shi ne kimiyyar zamantakewa, wanda ya ƙunshi tattalin arziki da kimiyyar siyasa da nazarin halayyar al'umma da wani sashe na labarin ƙasa. Su kuma aikinsu gano ƙa'idojin da ke bayan halayen jama'a ta hanyar lura da ƙirga da kwatantawa. A firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya akan tsakuro kaɗan daga kowanne a zuba cikin darasi guda, Nazarin Zamantakewa, wanda yara ke kira soshiyal. Sai an shiga babbar sakandare suke warewa, kowanne ya tsaya da malaminsa da takardar jarrabawarsa.

Wannan haɗaɗɗen darasi baƙo ne. A Amurka ya samu sunansa da siffarsa, bayan rahoton wani kwamitin ƙungiyar malaman ƙasar a shekarar 1916. A Nijeriya kuwa gwajin da ya fi shahara shi ne na makarantar sakandare ta Aiyetoro, a Jihar Ogun ta yanzu, wadda aka buɗe a 1963 da taimakon malaman Amurka. Taron da ƙasashen Afirka suka yi a Mombasa a 1968 ya ƙarfafa shi, taron manhajar ƙasa na 1969 a Legas ya karɓe shi, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba shi gurbi, kuma da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982 ya zama darasin dole a ƙaramar sakandare. Amma tambayoyin da yake yi sun girme shi nesa ba kusa ba. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377 a kan yadda jama'a ke haɗuwa, yadda dauloli ke tashi su faɗi, da yadda ake rarrabe labarin gaskiya da na ƙarya, kusan shekara ɗari biyar kafin Bafaranshen nan Auguste Comte ya laƙaba wa ilimin nazarin al'umma sunan da Turawa ke kiransa da shi.

Kowanne daga cikin waɗannan darussa ya tsaya ne a kan 'yan kalmomi da ba su da yawa: al'ada, tarbiyya, iyali, ƙasa, iko, madogara, sanadi, buƙata, yanayi, jigo da makamantansu. Wahalarsu daban take da ta kalmomin kimiyya. Ɗalibin da ya ci karo da kalmar atom a ajin sinadarai ya san bai san ta ba, don haka zai natsu ya koya. Wanda ya ci karo da kalmar al'ada kuwa tun yana goye yake jinta, sai ya ɗauka an gama. Malaman zaure sun daɗe da maganin wannan ruɗu. Idan za su karantar da babin salla sukan fara da cewa a lugga ma'anarta addu'a, a isɗilahi kuwa ibada ce mai kabbara da ruku'u da sujada da sallama. Zakka a lugga tsarki ce da ƙaruwa, a isɗilahi wani ƙayyadadden kaso ne na dukiya. Almajiri ba ya rikicewa, domin an nuna masa ma'anar kasuwa da ma'anar fanni, an kuma nuna masa igiyar da ta haɗa su. Wannan dabara ita ce mafi amfani ga duk mai son fahimtar darussan zamantakewa, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a aji, inda akan rubuta ma'ana da Ingilishi a allo, yara su kwafa, su haddace, su zube ta ranar jarrabawa kamar yadda suka ɗauka.

Kalmar al'ada ce ta fi nuna girman tazarar. A kunnen Bahaushe al'ada ita ce abin da aka gada kaka da kakanni: tashe, kamu, lefe, hawan salla, bori. Sau da yawa ma akan ajiye ta kishiyar addini, a ce wannan abu al'ada ne, wancan kuma addini. A isɗilahin masana zamantakewa kalmar ta fi haka faɗi ƙwarai. Tun daga bayanin da Bature Edward Tylor ya yi a littafinsa na 1871, ana ɗaukar al'ada a matsayin duk abin da mutum ya koya a dalilin zamansa ɗan wata al'umma, wato saninsa da fasaharsa da dokokinsa da ɗabi'unsa da hanyoyin neman abincinsa. A wannan ma'auni tuƙa tuwo al'ada ne, durƙusa wa babba al'ada ne, haka ma yadda matasan Kano ke gaisawa ta waya ko shirya fim. Sharaɗin kawai shi ne abin ya zama koyonsa aka yi, kuma jama'a sun yi tarayya a cikinsa. Jin yunwa ba al'ada ba ne, domin da shi aka haifi kowa. Amma cin abinci da hannun dama, da maza su ci daban mata daban, wannan al'ada ne. Littattafai kan raba ta biyu, wadda ake taɓawa kamar ƙwarya da babbar riga da ginin soro, da wadda ba a taɓawa kamar harshe da kunya da karin magana. Idan littafi ya lissafa addini a cikin sassan al'ada, abin da yake nufi shi ne yadda jama'a ke gudanar da ibada da yadda imaninsu ke tsara rayuwarsu. Ba hukunci yake yankewa a kan asalin addinin ko gaskiyarsa ba. Malamin da bai yi wannan bayani ba yakan rasa rabin ajinsa a nan.

Irin wannan tazara ce ke tsakanin tarbiyya ta lugga da ta fanni. A Hausa tarbiyya yabo ce, shi ya sa ake cewa wane ba shi da tarbiyya. A fannin nazarin al'umma kuwa babu mai rai da ba a tarbiyyantar ba, domin abin da ake nufi shi ne hanyar da yaro ke shan halayen waɗanda ya tashi a cikinsu, kyawawa ne ko munana. Yaron da ya girma a cikin 'yan daba ya koyi yarensu da ƙa'idojinsu da abin da suke ɗauka jarumta, kuma ta hanya ɗaya ya koya da wanda ya girma a gidan malamai: kallo da kwaikwayo da yabo da tsawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Masu wannan aiki su ne gida da tsara da makaranta da masallaci ko coci da kafafen yaɗa labarai, kuma nauyin kowanne yana sauyawa da zamani. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, cike yake da misalan yadda yarinya ke koyon kunyar ɗan fari da ta surukai ba tare da an zaunar da ita an karantar da ita ba.

Batun iyali gajere ne a littafi, inda akan ce akwai ƙaramin iyali na miji da mata da 'ya'ya, da babban iyali da ya haɗa kakanni da baffanni. Abin da ke sa wannan rabo ya yi ma'ana shi ne a gwada shi da gandu, tsarin da 'ya'ya maza masu aure ke ci gaba da noma gonar mahaifinsu, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya ɗauki nauyin aurensu, su kuma su yi noman gayaunarsu a lokacin da ya rage. Polly Hill ta yi nazarin wannan tsari a Ɓatagarawa kusa da Katsina, a littafinta na 1972. Gandu ya nuna cewa iyali ba dangantakar jini kaɗai ba ce, hukuma ce ta tattalin arziki, mai rabon aiki da rabon amfani, kuma tana watsewa idan dalilan da suka riƙe ta suka raunana.

A darasin gwamnati ne harshe ya fi yi wa ɗalibi tarko. Kalmar ƙasa a Hausa tana ɗauke da turɓayar da ake takawa, da yankin da wani sarki ke mulka kamar ƙasar Kano, da kuma Nijeriya ko Nijar. Ingilishi ma bai sauƙaƙa ba, domin kalmar da yake kiran ƙasa mai cin gashin kanta da ita, ita ce dai yake kiran jiha da ita. Fanni ya rarrabe abubuwa uku da baki ke haɗawa. Akwai ƙasa a ma'anar doka, wadda yarjejeniyar Montevideo ta 1933 ta ce sai ta cika sharuɗɗa huɗu: jama'a mazauna, yanki mai iyaka, gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. Akwai al'umma, wato mutanen da harshe ko tarihi ko addini ya sa suke jin su ɗaya ne. Akwai kuma gwamnati, mutanen da ke riƙe da ragama a wani lokaci. Katsina da Maraɗi sun isa misali. Harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya, har sarautar Maraɗi daga gidan sarautar Katsina ta dauri ta fito bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Amma yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla tsakanin 1890 da 1906 sun ja layi a tsakani, yau ɗaya na kashe naira ɗaya na kashe sefa. Al'umma ɗaya ce a ƙasashe biyu, kamar yadda Nijeriya take ƙasa ɗaya mai al'ummomi ɗaruruwa. Gwamnati kuwa tana zuwa tana tafiya: daga 1 ga Oktoba 1960 zuwa yau an yi firayim minista, an yi sojoji, an yi shugabannin farar hula, kuma bashin da wata ta ci yana hawa kan wadda ta gaje ta, domin ƙasar ce ta ci.

Daga nan sai bambancin iko da halacci. Ɗan fashin da ya tare hanya da bindiga yana iya karɓar kuɗin matafiyi, jami'in haraji ma yana iya karɓa. Dukansu suna da iko, wato damar sa mutum ya yi abin da ba lalle ya so ba. Ɗaya ne kawai jama'a suka yarda yana da haƙƙin yin haka, kuma wannan yarda ita ce halacci. Bajamushen masani Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya ce yardar tana fitowa daga tushe uku. Na farko gado da gargajiya, inda ake bin mutum domin haka aka taras, kamar sarki da hakimi da dagaci. Na biyu kwarjini da baiwa, inda ake bin mutum saboda abin da aka gani a jikinsa: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tara jama'a a Degel da wa'azi da karantarwa tun ba shi da sarauta ko runduna, haka Malam Aminu Kano ya ja talakawa tun zamanin NEPU ba tare da rawani ba. Na uku doka da ofis, inda ake bin kujera ko wane ne a kanta, kamar gwamna da alƙali. Inda ɗalibai ke kuskure shi ne ɗaukar waɗannan uku kamar akwatuna da ba sa haɗuwa. Weber da kansa ya lura cewa kwarjini ba ya daɗewa a siffarsa, yakan rikiɗe ya zama gado ko ofis idan mai shi ya kau. Shehu ya rasu a 1817, ɗansa Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi, sarautar kuma ta zauna a zuriyar Shehu. Sarkin yau ma gado ne ya ba shi damar neman gadon mulki, amma gwamna ne ke miƙa masa sanda a ƙarƙashin dokar jiha. Kafin ƙarshen shekarun 1960 sarakunan Arewa suna da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. An karɓe waɗannan, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Ikonsu ya ragu ƙwarai, amma har yau idan rigimar gona ta tashi a ƙauye, ƙofar mai unguwa ake fara bugawa.

Rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa da kotu, wanda ake danganta shi da littafin Montesquieu na 1748, ba ya ba da wahala idan an gane abin da ya gabata. Sashe na 4 da na 5 da na 6 na tsarin mulkin 1999 sun ba kowanne nasa, don kada mai yin doka ya zama shi ne mai aiwatarwa kuma mai hukunci.

Tarihi shi ne darasin da aka fi zalunta, domin an mai da shi jerin sunayen sarakuna da shekaru, har ma aka taɓa cire shi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare na tsawon shekaru kafin a maido da shi. Tubalinsa na farko madogara ce: daga ina wannan labari ya fito? Madogara ta asali ita ce wadda ta fito daga zamanin da ake magana a kai, kamar wasiƙar sarki, takardar haraji, kufai, tsabar kuɗi ko bakin wanda ya gani. Madogara ta biyu ita ce abin da wani ya rubuta daga baya bisa waɗancan. Akan ce gani ya kori ji, amma masanin tarihi ba ya sakin jiki da mai gani ma. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello madogara ce ta asali a kan jihadi, kuma ba ta da na biyu wajen bayanin yaƙe-yaƙen, sai dai marubucin kwamanda ne a ɓangaren da ya yi nasara, ba a kuma ji ta bakin Gobirawa a ciki ba. Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya bayyana kasuwarta da rininta, amma baƙo ne da ke gani da idon Bature, kuma Yusufu Bala Usman ya yi rubutu musamman a kan yadda ya kamata a tace bayanansa game da Katsina. Rahotannin Lugard da ke ajiye a gidajen adana takardu an rubuta su ne don gamsar da Landan cewa mamayar da aka yi wa Kano da Sakkwato a 1903 ta dace. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya fara daga Bagauda, amma a ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara shi. Ke nan abin da ya faɗa game da sarakunan ƙarshe ya fi kusa da ganin ido fiye da abin da ya faɗa game da na farko.

Ɗalibin da ya yi karatun hadisi ya riga ya san rabin wannan aiki, domin ya san ana tambayar wa ya ruwaito, daga wa, kuma amintacce ne ko a'a. Ibn Khaldun ya ƙara rabin na biyu, wato auna labarin da kansa da ma'aunin hankali da yanayin zama. Ya ɗauki ruwayar Mas'udi cewa rundunar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mayaƙa 600,000, ya tambaya wace ƙasa za ta ciyar da su, wane fili zai ɗauke su a jere, kuma ta yaya zuriyar mutum ɗaya za ta kai haka cikin 'yan tsatso kaɗan. Da irin wannan ido Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya dubi labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu. Bai ce a jefar da shi ba. Ya ce ba zai iya zama bayanin asalin Hausawa ba, tunda labarin da kansa ya nuna baƙon ya taras da gari da sarauniya da jama'a a Daura. Labarin baka yana da daraja a matsayin shaidar yadda mutane ke kallon kansu da maƙwabtansu, ko da bai tabbatar da ranar da abu ya faru ba.

Tubali na biyu a tarihi shi ne sanadi. Ruwa ba ya tsami banza, amma abin da ya tsamar da shi ba kasafai yake zama ɗaya ba. Fanni ya raba sanadi na nesa, wanda ya daɗe yana taruwa, da na kusa, wanda ya kunna wutar. Idan aka tambayi dalilin jihadin 1804, amsar da ta tsaya a kan saɓanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, da harin da aka kai wa jama'ar Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana, da hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu, ta kawo na kusa kawai. Na nesa suna cikin koke-koken da Kitabul Farƙi na Shehu ya lissafa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da yaɗuwar karatu a karkara, da yaƙe-yaƙen da suka gajiyar da Gobir. Haka kuma zuwan abu bayan wani ba ya nufin na farkon ne ya haifar da shi. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa a takardun ɗalibai, kuma ba a takardun ɗalibai kaɗai ba.

Tattalin arziki ya ginu a kan magana ɗaya: abin da mutum ke so ya fi abin da ke hannunsa, don haka dole ya zaɓa, kuma duk zaɓi yana da abin da aka bari. Taura biyu ba ta taunuwa. Ainihin tsadar abu a wannan fanni ita ce mafi kyawun abin da aka haƙura da shi don a same shi. Yaron da aka tura talla ya kawo kuɗi da yamma, amma tsadar tallan ita ce karatun ranar. Tarihin gyaɗar Kano ya nuna wannan ƙa'ida a fili. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, burin Turawa auduga ne don masaƙun Ingila, har sun kafa injin gurza a Zariya. Manoma suka auna: masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, gyaɗa kuwa tana da kasuwa mai kyau, tana zama a gona tare da hatsi, in kuma shekara ta yi tsanani ana iya cinta. Daga 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, daga baya aka yi dalar gyaɗa. Babu manomin da ya karanta masanin tattalin arziki Adam Smith a cikinsu. Fannin ne ya zo daga baya ya sa wa lissafinsu suna.

Kalmar buƙata ma tana da lugga da isɗilahi. A baki, duk mai jin yunwa yana da buƙatar hatsi. A fanni, buƙatar kasuwa ita ce so wanda kuɗi ya mara wa baya, a wani farashi, a wani lokaci. Shi ya sa gari zai iya cika da mayunwata alhali 'yan kasuwa na kukan babu ciniki. Sauran ƙa'idar kowa ya san ta daga kasuwar ƙauyensu: da kaka hatsi ya yi yawa farashi ya faɗi, da tsakiyar damina rumbuna sun yi ƙasa farashi ya hau.

A labarin ƙasa kalmar yanayi ce ke ɗauke da kaya biyu. Akwai yanayin yau, ko an yi hadari ko an yi hazo, akwai kuma yanayin wuri, wato matsakaicin abin da aka saba gani cikin shekaru kamar talatin. Damina ɗaya mai ƙarancin ruwa ba ta isa a ce yanayin wuri ya sauya ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 sannan ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, misali ne da ke haɗa darussan wuri guda: ruwa ya ja baya, masunta suka koma noma a inda ya bari, makiyaya suka sauya burtali, iyakokin ƙasashe huɗu kuma suna nan inda aka zana su.

Wasu kalmomin ba su da ma'ana ɗaya da masana suka haɗu a kai, kuma ɓoye wa ɗalibi wannan cuta ne. Ci gaba yana cikinsu: wani na auna shi da yawan abin da ƙasa ta samar, wani da lafiya da ilimi da tsawon rai. Dimokuraɗiyya ma haka, tsakanin mai ganin zaɓe ya wadatar da mai cewa sai an haɗa da 'yancin faɗar ra'ayi da kotu mai zaman kanta. A irin wannan wuri abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya rarrabe maganar da ake iya tabbatarwa da shaida da maganar da ke bayyana ra'ayi. Cewa an haɗe Arewa da Kudu ranar 1 ga Janairu 1914 abu ne da takarda ke tabbatarwa. Cewa haɗewar kuskure ce ko alheri hukunci ne, yana buƙatar hujja, kuma mai hankali na iya saɓa masa.

Fannin adabin Hausa ya nuna cewa ana iya yin wannan aiki duka da harshen gida. Jigo a lugga shi ne itacen da ke ɗauke da guga a lambu, wanda ban ruwa ya dogara a kansa. Masana suka ara shi ya zama saƙon da labari ko waƙa ta rataya a kai. Ɗalibin da ya ga jigon lambu ba zai rikita jigo da zubin labari ba. Zubin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, shi ne sace yaro da tafiyarsa hamada da neman da uwarsa ta yi masa. Jigonsa kuwa bauta da abin da take yi wa iyali. Salo da tauraro da zubi da tsari duk sun zauna daram a bakin ɗaliban Hausa, domin malaman jami'a sun zauna sun daidaita su, aka kuma buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990 ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad. Ko da da Ingilishi za a rubuta jarrabawar WAEC da NECO, babu abin da ya hana malamin gwamnati ko na tattalin arziki ya bi sawun malamin adabi da na zaure: ya faɗi kalmar, ya tambayi yara me take nufi a gidajensu, ya nuna inda fanni ya faɗaɗa ta ko ya taƙaita ta, sannan ya sa kowane yaro ya kawo misali ɗaya daga garinsu da wani misalin da ya yi kama amma bai shiga ba. Hukumar NERDC da ma'aikatun ilimi na jihohin Arewa su ne ya kamata su tattara irin waɗannan kalmomi na darussan zamantakewa da Hausa, su buga su cikin ƙaramin littafi, su kai shi teburin kowane malamin ƙaramar sakandare.